Amsoshin Tambayoyin Malamai Kafin Buɗe Sabuwar Shekara a Makarantar Kirista ta Ƙasa da Ƙasa

Duk shekara da zarar watan Yuli ya kama, tambayoyi iri ɗaya ne suke cika mini waya daga sababbin malamai, har ma da wasu tsofaffin hannu waɗanda ya kamata a ce su ne suke amsa wa na baya. Na tattara su a nan domin in huta da maimaitawa. Wanda ya sake turo mini ɗaya daga cikinsu, wannan rubutun zan mayar masa.

Yaushe malamai suke komawa aiki?

Mako ɗaya zuwa biyu kafin ɗalibai, kuma ranar tana rubuce a takardar ɗaukarka aiki. Makarantun da suke bin manhajar Amurka suna buɗewa a watan Agusta, su rufe a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, kuma zango biyu suke yi a shekara, ba uku ba. Wanda ya zauna yana jiran Satumba don haka ya saba, zai zo ya tarar an yi nisa.

Zan iya dukan yaro idan ya yi rashin kunya?

A'a. Ba bulala, ba rula, ba tsallen kwaɗo, ba durƙuso a rana. Wanda ya yi, a bakin aikinsa.

Mun yi horon kare yara bara, me ya sa za mu sake yi bana?

Wannan tambayar tana ɓata mini rai, musamman idan ta fito daga bakin wanda ya daɗe a aiki. Ba don nishaɗi aka ɗora wa malamai wannan horo ba. Binciken da aka gudanar a shekarun 1990 a kan makarantar kwana ta 'ya'yan 'yan mishan da ke Mamou a ƙasar Gini ya tabbatar da cewa an ci zarafin yara na tsawon shekaru a hannun mutanen da kowa yake yi wa kallon masu tsoron Allah, kuma abin ya ɗore ne saboda manya sun zaɓi rufa wa juna asiri. Don haka Malam, Malama, ku zauna ku sake saurara. Ba a rufe ƙofa daga kai sai yaro ɗaya. Ba a tura wa ɗalibi saƙo ta lambar wayarka. Ba a ɗaukar yaro a mota ba da sanin iyayensa da makaranta ba. Idan yaro ya gaya maka wani abu mai tayar da hankali, ba naka ba ne ka yi bincike, ba kuma naka ba ne ka ce a yi addu'a a bar maganar. Ka kai rahoto a ranar ga jami'in da aka naɗa, ba gobe ba. A Nijeriya akwai Dokar 'Yancin Yara ta 2003, kuma sunan Kirista a jikin allon makaranta bai fitar da kowa daga ƙarƙashin doka ba.

Ni ɗan Nijeriya ne, sai na yi rajista da TRCN?

Ƙwarai. Tun 1993 doka ta kafa wannan hukumar rajistar malamai ta Nijeriya. A kawo kwafin takardar shaida ofis kafin ranar farko.

Me zan fara yi a kwanakin shiri?

Ba manna takardu masu launi a bango ba. Kowace shekara sai in ga malami ya ɓata kwana uku yana ƙawata aji alhali bai buɗe fayil ɗin yaro ko ɗaya ba. Ka karɓi jerin sunayen ajinka ka karanta tarihin kowane ɗalibi: wane harshe ake yi a gidansu, daga wace makaranta ya fito, yana da asma ko sikila, akwai abincin da jikinsa ba ya ɗauka, a gida yake kwana ko a ɗakin kwanan ɗalibai. Da yawa daga cikin waɗannan yara sun canja ƙasa sau biyu ko uku kafin su shekara 12, kuma wanda ka gani ya yi shiru a kusurwa a makon farko wataƙila aminin da ya yi bara ne ya koma Koriya ko Kanada. Ka koyi furta sunayensu daidai kafin su shigo.

Bayan haka ka ɗauki kalanda ka ƙirga daga ƙarshe zuwa farko. Kwanakin karatu wajen 180 ne a takarda, amma hutun Sallah yana bin ganin wata, gwamnati tana iya ba da hutun da ba a shirya masa ba, ga ranakun wasanni da tafiye-tafiye. Ka bar sarari a tsarin darasinka. Masu koyar da darussan AP, wato darussan matakin jami'a da ake yi a sakandare a tsarin Amurka, su tuna cewa jarrabawar a watan Mayu ake yin ta, kuma sai hukumar College Board mai shirya jarrabawar ta amince da tsarin darasin malami kafin makaranta ta rubuta sunan AP a takardar sakamakon yaro. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A ajina akwai yaran da ba Kirista ba. Yaya zan yi da su a darasin Littafi Mai Tsarki da sujadar safe?

Wannan ce kaɗai tambayar da ba na jin haushin maimaita ta, kuma amsarta ta danganta da makarantar, da ƙasar, da shekarun yaron, da abin da iyayensa suka sa wa hannu.

Da farko dai, ba sabon al'amari ba ne. Domin 'ya'yan 'yan mishan aka kafa irin waɗannan makarantu. Mishan ɗin Church of the Brethren, wanda daga aikinsa Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta fito, shi ya buɗe Hillcrest a Jos a 1942, ƙungiyar mishan ta SIM kuma ta kafa Kent Academy a Miango da Sahel Academy a Yamai. Amma tun da daɗewa ƙofar ta buɗe wa 'ya'yan 'yan kasuwa da likitoci da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, cikinsu akwai Musulmi, akwai 'yan Hindu, akwai waɗanda iyayensu ba sa bin kowane addini. Su kansu Kiristocin ba bakinsu ɗaya ba, domin abin da aka koya wa ɗan Katolika game da baftisma ba shi aka koya wa ɗan ECWA ko ɗan Baptis ba, kuma malamin da ya mayar da koyarwar ikilisiyarsa ta zama ta dukan aji zai ji daga iyaye kafin wata ya ƙare.

Ta fuskar doka, sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya faɗi abu biyu. Ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi karɓar koyarwa ko shiga ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Ya kuma ce ba za a hana wata al'ummar addini koyar da 'ya'yanta addininta a makarantar da ita kaɗai take ɗaukar nauyinta ba. Galibi makarantu suna daidaita waɗannan biyun ne ta takardar da iyaye suke sa wa hannu lokacin shigar yaro, inda suke amincewa cewa zai zauna a darasin Littafi Mai Tsarki kuma zai halarci taron sujada. Saboda haka kafin ka tsara komai, ka je ofis ka karanta ainihin abin da takardar ta ƙunsa, kada ka dogara da abin da wani ya gaya maka a ɗakin malamai. Masu aiki a Nijar ko Kamaru su duba dokokin can, kada su ɗauki na Nijeriya su shimfiɗa.

A ganina, kuma na san ba kowa ne zai yarda da ni ba, ya kamata a raba koyon darasi da yin ibada. Ana iya tambayar kowane yaro a jarrabawa abin da Littafin Farawa ko Bisharar Luka ya ƙunsa, kamar yadda ake tambayarsa tarihi, amma ba a ba shi maki a kan ko ya gaskata. Ba a kiran yaron da ba Kirista ba ya jagoranci addu'a. Ba a sa shi ya kare addinin iyayensa a gaban ajin da ya fi shi yawa. Ya zauna cikin natsuwa lokacin sujada, wannan ya isa. Idan azumin Ramadan ya faɗo cikin zango, malamin wasanni ya san wanda yake azumi, kuma a samar wa yaron wurin zama lokacin cin abinci. Batun fita sallar Juma'a kuwa, hukumar makaranta ce take yanke shi da iyaye, ba malamin aji ba, kuma makarantu sun bambanta a kai.

Akwai abokan aiki da suke cewa wannan sassauci yana raunana shaidar makarantar. Ina jin su, kuma ba na cewa malami ya ɓoye bangaskiyarsa ko ya ƙi amsa wa yaron da ya yi tambaya da gaske. Sai dai malami yana riƙe da maki, yaro kuma ya san haka, don haka abin da malami yake ɗauka gayyata ce yana iya zama tilas a wajen yaro. Idan kuwa ɗalibi ya same ka ya ce yana so ya canja addini, kada ka riƙe maganar kai kaɗai, kada kuma ka yi masa alkawarin ɓoye ta har abada. Ka kai ta ga shugaban makaranta da fasto mai kula da ɗalibai, su auna lafiyar yaron da haƙƙin iyayensa tare. A gari irin Jos, wanda ya ga rikicin 2001 da na 2008 da na 2010, irin wannan magana ba ta tsayawa a cikin shingen makaranta.

Turancina ba irin na Amurkawa ba ne, yara ba za su raina ni ba?

Kwantar da hankalinka, Malam. Waɗannan yara sun saba jin Turanci kala-kala, cikin mako guda kunnensu zai saba da naka. Abin da zai fi ba ka mamaki shi ne yadda za su kalle ka ido cikin ido su ce ba su yarda da amsarka ba. Ba rashin tarbiyya ba ne, haka aka koya musu karatu. Ka san darasinka sosai, shi ke nan.

Yaro ya fito daga makarantar Nijeriya, wane aji za a sa shi?

A lissafi, aji 7 zuwa 9 su ne JSS 1 zuwa 3, aji 10 zuwa 12 kuma SS 1 zuwa 3. Amma tsarin Amurka yana tara sakamakon kammala sakandare ne tun daga aji 9, don haka wanda ya shigo daga SS 2 sai an nemo takardunsa na JSS 3 da SS 1. Yaranmu kuma sukan tsallake aji shida na firamare, su zo da ƙarancin shekaru, shi ya sa ofis yake duba shekarun haihuwa da gwajin shiga, ba son ran iyaye ba. Ku kuma bayyana wa iyaye tun farko cewa maki 75 da suka saba gani a matsayin A1 a WAEC, a ma'aunin da yawancin makarantun Amurka suke bi C ne, A kuma daga 90 take farawa. Wanda yake son ɗansa ya shiga jami'ar Nijeriya ya faɗa da wuri, domin SAT, jarrabawar neman shiga jami'o'in Amurka, ba ta maye gurbin WAEC da JAMB.

Me ya sa ake matsa mana mu ajiye tsarin darasi a intanet?

A watan Agusta na 2012 kogin Neja ya yi ambaliya ya mamaye harabar Sahel Academy a daidai farkon shekarar karatu, sai da makarantar ta koma wani wuri. Ko ba ambaliya, malami yana iya kwanciya rashin lafiya, wanda zai riƙe masa aji kuma yana bukatar abin koyarwa. A ajiye.

Ina zuwa daga ƙasar waje, me zan tanada?

Katin allurar rigakafin zazzaɓin shawara, da bizar da ta dace da aiki, ba ta ziyara ba. Masu zuwa Jos su taho da rigar sanyi da lema, domin Agusta tsakiyar damina ne, kuma kada sanyin ya ruɗe su su bar gidan sauro da maganin rigakafi.

Gaskiya ne Turawa sun fi mu albashi?

Da yawa daga cikin malaman mishan ba makaranta ce take biyan su ba, ikilisiyoyi da 'yan'uwa a ƙasashensu ne suke tara musu kuɗin zama. Mai ƙorafi a kan nasa albashin ya kai wa hukumar makaranta a rubuce, kada ya kawo mini ta waya da dare.

Wane irin kaya zan riƙa sawa?

Yana cikin littafin dokokin ma'aikata da aka ba ka. A karanta shi.