Filayar yanka waya ta aikin fanel (allon da ake jera ƙananan kayan lantarki a kai): amsoshin tambayoyin da ake yawan yi mini

Masu koyon gyaran rediyo da caja, ga amsoshin wuri guda, don bakina ya gaji da maimaitawa.

Babbar filayar masu wayarin ba za ta yi ba?

Ba za ta yi ba. Bakinta ba ya shiga tsakanin kayan fanel, kuma tana barin tsini a ƙafar da ta yanka, wato siririyar wayar da ke fitowa daga jikin kayan. Nemi ƙarama mai shafaffen baya, mai sifirin.

Me zan yanka da ita?

Jan ƙarfe mai laushi kawai, wanda kaurinsa bai wuce milimita 1 ba, sai in kamfanin ya rubuta fiye da haka. Ban da ƙusa, ban da wayar burkin keke. Kuma kada ka yarda da ido: ƙafafun ƙananan fitilu da na wasu kafasito ƙarfe ne aka shafa wa kuza. Kara maganaɗisu, in ya kama, ɗauko tsohuwar filaya.

Zan iya yanka waya da wuta a jikinta?

Haba ƙanena! Robar hannunta don riƙo aka yi ta. Masu kare mutum daban suke, da alamar 1000V a jiki. Cire soket.

Tawa ta yi giɓi, in wasa ta ko in jefar?

To, wannan kam ya danganta. Rufe bakin ka ɗaga ta saitin haske. In dakushewa ce kawai, ko giɓin bai kai kaurin gashi ba, ana iya bin gangaren ciki da siririn magagari a hankali, kana yi kana dubawa. Amma ka sani, duk abin da ka goge ya tafi, wataƙila tsinin ya haɗu, gindin ya bar ƙofa, ta koma tauna waya. Kada ka kai ta injin washi a Fanteka, kasuwar masu aikin ƙarfe ta Kaduna. Ba laifin masu sana'ar ba ne, zafin dutsen ne ke kashe taurin ƙarfen, kuma a wasu filayoyin bakin kaɗai aka taurara. In mai tsada ce irin ta kamfanin Knipex, ta cancanci a gwada. In mai araha ce, ni dai da na ajiye ta don aikin ƙarfi na sayi sabuwa. In kuwa ƙusar tsakiya ce ke girgiɗi, washi ba zai yi magani ba.

Wane mai zan sa?

Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a gaɓar. Da damina tsatsa, da hunturu ƙura, don haka goge ta ka rufe bakinta bayan aiki.

A kasuwa yaya zan gane mai kyau?

In za ka Kasuwar Gumi ta Kaduna, tafi da silin waya mai laushi a aljihu. Roƙi mai shago ka gwada da tsinin bakin. In ta datse shi tsaf, biya. Kwantar da hankalinka, mai matsakaicin kuɗi ma ta ishi mai koyo.

Guntun ƙafa yana tsalle in na yanka.

Dafe shi da yatsa, ko ka juya fanel ƙasa. Kuma sa tabarau, don Allah.