Sa ido a kan na'urorin sadarwa ba leƙen asiri ba ne

Kwanan nan da an taɓo zancen intanet a rediyo sai ka ji an ce "ana sa ido a kan netwok", nan da nan masu bugo waya su tayar da hankali, wai ana karanta musu saƙonni. Wannan ruɗani yana ƙona mini rai, domin a bakin ma'aikatan sadarwa ba haka kalmar take nufi ba.

Sa idon da suke nufi duba lafiyar na'ura ne. Manhaja irin su Zabbix ko LibreNMS takan bi rauta da suwic, wato na'urorin da ke haɗa kwamfutoci da juna da kuma intanet, ɗaya bayan ɗaya tana tambaya: kina aiki? Tun yaushe kike kunne? Zafinki ya kai nawa? Data nawa ta wuce ta wannan kafa da aka jona waya? Alƙaluma take karɓa, ba ruwanta da abin da ke cikin saƙon kowa. Harshen da suke wannan hira da shi sunansa SNMP, tun 1988 ake amfani da shi.

Amma na'ura ba ta amsawa sai an shirya ta. Sai an kunna mata SNMP, an buɗe ƙofa mai lamba 161, wadda tambayoyin ke shigowa ta cikinta. Akan kuma ba ta suna mai ma'ana, a kunna LLDP, harshen da na'urori ke gabatar da kansu ga juna, don ta riƙa faɗin na'urorin da ke maƙwabtaka da ita. Da haka manhajar ke gano su da kanta.

Inda ya kamata hankali ya tashi daban ne, kuma ban taɓa jin an ambace shi a rediyo ba. SNMP yana da kalmar shiga da aka laƙaba wa suna "community", wato al'umma. Sunan ya yaudari mutane da yawa, suna ɗauka laƙabi ne kawai, alhali mabuɗi ne. Na'urori da dama sun zo daga masana'anta da kalmar "public" don karantawa, "private" kuma don sauya saiti. SNMP siga-siga ne: siga ta 1 da ta 2c a fili suke aika kalmar, duk wanda ya tare hanya zai gan ta. Siga ta 3 ce ba ta aika kalmar shiga a fili, ita kaɗai nake yarda a kunna.

Na taɓa duba suwic a wani ofis, shekara da shekaru yana kunne. Na rubuta "public", ya zayyano mini sunansa da kafofinsa da duk maƙwabtansa, bai tambayi ko ni wane ne ba.