Waiwaye: Yadda aka yi ta jan ƙafa kan ɓallewar Katanga

Kwana 11 kacal da Kwango ta karɓi 'yancin kai daga hannun Beljiyam a ranar 30 ga Yunin 1960, sai ga Moise Tshombe ya fito yace lardinsa na Katanga ya ɓalle. Katanga kuwa nan ne rumbun arzikin ƙasar, tagulla da kobalt da yuraniyom duk a can suke, kuma kamfanin Union Minière na Turawan Beljiyam da ke haƙar su sai ya koma biyan haraji ga Tshombe a Elisabethville, wato Lubumbashi ta yanzu. Da kuɗin nan yake biyan sojojin haya. Ni a ganina duk wani zaman sulhu da aka yi daga baya a nan ya ƙwace, don wanda aljihunsa ke cike me zai sa ya yi gaggawar sa hannu?

Firaminista Patrice Lumumba da shugaba Kasavubu suka kai kuka Majalisar Ɗinkin Duniya, ranar 14 ga Yuli kwamitin sulhu ya amince a tura dakaru, waɗanda daga baya suka kai wajen dubu 20, har da sojojin Najeriya da Ghana da Indiya da Habasha. Amma babban sakatare Dag Hammarskjold yace dakarun ba za su murƙushe Katanga da ƙarfi ba, wai rikicin cikin gida ne, shi kuma Lumumba da ya ga an bar shi yana kallo ana yanka ƙasarsa sai ya juya ga Tarayyar Sobiyet, daga nan Amurka ta sa masa ido, yaƙin cacar baka ya shigo cikin maganar. Ranar 17 ga Janairun 1961 aka kashe shi, a cikin Katangar kuwa. Wallahi abin na ci min rai har yau, sai bayan an kashe mutumin ne a Fabrairu kwamitin ya yarda a yi amfani da ƙarfi in ta kama, a kuma kori sojojin hayar.

Taro kam an yi shi har an gaji. Tananarive ta Madagaska a Maris 1961, Coquilhatville ta Kwango inda har aka tsare Tshombe, sai Kitona a Disamba inda ya sa hannu gaban firaminista Cyrille Adoula ya yarda Kwango ɗaya ce, yana komawa gida ya fara kame-kame. Shi kansa Hammarskjold a hanyar zuwa ganawa da Tshombe jirginsa ya faɗi kusa da Ndola, a Zambiya ta yanzu, a Satumban 1961.

Abin lura, babu ƙasa ko ɗaya da ta amince da Katanga a hukumance, har Beljiyam ɗin. Ta bayan fage kawai ake tallafa mata.

A Agustan 1962 U Thant, wanda ya gaji Hammarskjold, ya kawo shirinsa: tsarin tarayya, a raba kuɗin ma'adinai biyu daidai, a haɗe sojoji, in an ƙi a sa takunkumi. Tshombe ya sake jan ƙafa, ƙarshen Disamba dakarun Majalisar suka far ma sojojinsa, a Janairun 1963 ya sanar ɓallewa ta ƙare, suka shiga Kolwezi ba turjiya. Ya tafi gudun hijira Sifen, sannan a Yulin 1964 Kasavubu ya kira shi ya ba shi kujerar firaminista, kujerar da Lumumba ya zauna a kai.