Kunkuru, Biri da Tsuntsun Adarna: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Littattafan Yara na Ƙasar Filifin

Ƙasar Filifin tarin tsibirai ce fiye da 7,600 a kudu maso gabashin Asiya, mutanenta sun haura miliyan 109 bisa ƙidayar 2020, kuma harsunan da ake magana da su a cikinta sun wuce 170. Wanda ya zauna zai rubuta wa yaro ɗan shekara biyar littafi a ƙasa irin wannan, kafin ya zaɓi labari sai ya fara zaɓar harshe, kuma wannan zaɓi yana da dogon tarihi a bayansa.

Me ya sa batun harshe yake da nauyi haka a littattafan yaran Filifin?

Dalilin yana cikin mulkin mallaka har sau biyu. Sifaniya ta riƙe ƙasar daga 1565 zuwa 1898, kuma littafin da aka fi sani da cewa shi aka fara bugawa a can, a shekarar 1593, na koyar da addinin Kirista ne, da Sifaniyanci da harshen Tagalog, har da tsohon rubutun gargajiya da ake kira baybayin. Da Amurka ta karɓi mulki sai ta shigo ta ƙofar makaranta: a 1901 wani jirgin ruwa mai suna Thomas ya sauke malamai kimanin 500 a Manila, Turanci kuma ya zama harshen koyarwa tun daga aji ɗaya. Yaron da ya tashi cikin gonar shinkafa da itatuwan kwakwa ya riƙa koyon baƙi da hoton tuffa da dusar ƙanƙara, abubuwan da bai taɓa gani ba. Daga baya malami Camilo Osias ya shirya jerin littattafan karatu masu ɗauke da labaran gida, mai zane Fernando Amorsolo ya yi musu hotuna, amma su ma da Turanci suka fito.

A 1937 Shugaba Manuel Quezon ya ayyana Tagalog a matsayin tushen harshen ƙasa, kundin tsarin mulki na 1987 kuma ya tabbatar da sunan Filipino ga harshen ƙasar, ya ajiye shi tare da Turanci a matsayin harsunan hukuma. Duk watan Agusta makarantu suna bikin watan harshe. Duk da haka Turanci bai sauka daga kujerarsa ta harshen aikin ofis da ɗaukaka ba, shi ya sa littafin yara da aka rubuta da harshen gida yake ɗauke da saƙon da ya wuce labarin da ke cikinsa. Yana nuna wa yaro cewa maganar da yake ji daga bakin kakarsa ita ma ta isa a buga ta a takarda.

Wa ya fara rubuta wa yara labaran gida?

Sunan da ake fara ambata shi ne na José Rizal, likitan ido kuma marubucin da Sifaniyawa suka harbe a ranar 30 ga Disamba, 1896, wanda a yau shi ne gwarzon ƙasar. A 1886, yana zaune a Jamus, ya fassara tatsuniyoyi biyar na Hans Christian Andersen zuwa Tagalog domin 'ya'yan 'yan'uwansa da ke gida. A watan Yuli na 1889 kuma wata mujalla ta Landan ta buga rubutunsa a kan tatsuniyar biri da kunkuru, wadda shi da kansa ya zana wa hotuna.

Tatsuniyar ta cancanci a ba da ita, domin mai karatu Bahaushe zai ji ƙamshin Gizo a cikinta. Biri da kunkuru sun tsinci itacen ayaba ruwa ya kawo, suka raba shi biyu. Biri ya zaɓi sama mai ganye saboda ya fi kyau a ido, ya bar wa kunkuru gindin mai saiwa. Na biri ya bushe, na kunkuru ya tsiro ya yi 'ya'ya, amma kunkuru ba ya iya hawa, sai ya roƙi biri ya hau masa. Biri ya hau ya cinye ayabar tas, bai jefo masa ko ɗaya ba. Kunkuru ya jera abubuwa masu tsini a gindin itacen, biri ya sauko ya ji ciwo, ya cafke shi ya ce ya zaɓa, ko a daka shi a turmi ko a jefa shi a ruwa. Kunkuru ya shiga magiya cewa a daka shi ya fi masa, ruwa kam yana tsoronsa. Biri ya wurga shi cikin kogi, kunkuru ya yi iyo abinsa. Don tunawa da fitowar wannan labari ne ake bikin ranar littafin yara ta ƙasa a Talata ta uku ta watan Yuli kowace shekara.

Bayan Rizal sai Severino Reyes, wanda ya fara buga tatsuniyoyi a mujallar Liwayway a 1925 da sunan wata tsohuwa, Lola Basyang. Kalmar lola tana nufin kaka mace, kuma dabarar ta yi aiki ƙwarai: namiji ne yake rubutawa, amma muryar da yara suke ji ta tsohuwa ce mai tara jikoki bayan cin abincin dare. Ya rubuta ɗaruruwan labarai, har sunan ya zama laƙabin duk mai yawan ba da labari.

Su wane ne ke buga irin waɗannan littattafai a yau?

Gidan da ya fi suna shi ne Adarna House, wanda ya samo asali daga wani shiri na 1977 a ƙarƙashin cibiyar kula da abinci mai gina jiki ta ƙasar, bisa tunanin cewa ƙwaƙwalwar yaro ma tana bukatar ciyarwa kamar yadda cikinsa yake bukata. Mawallafin waƙe Virgilio Almario ne ya jagoranci aikin, a 1980 kuma gidan ya tsaya da ƙafarsa a matsayin kamfani. Sunan na wani tsuntsu ne na tsohuwar waƙar labari, wanda waƙarsa ce kaɗai maganin ciwon wani sarki. Mai sauraron waƙar barci ne yake ɗauke shi, tsuntsun kuma ya mayar da shi dutse, sai autan sarki ne ya tsira saboda ya riƙa yanka tafin hannunsa yana matsa lemun tsami a kai don kada ya runtsa. Yawancin littattafan gidan masu hotuna da harshe biyu suke fitowa, Filipino da Turanci a shafi ɗaya.

A 1983 aka kafa hukumar littattafan matasa da ake kira PBBY a taƙaice, wadda take ba da lambar yabo ta Salanga ga marubuta da ta Alcala ga masu zane. Masu zanen littattafan yara sun kafa ƙungiyarsu, Ang INK, a 1991. Akwai kuma gidaje irin su Tahanan da Lampara, da marubuta irin su marigayi Rene Villanueva, wanda ya yi fice da shirin yara na talabijin mai suna Batibot.

Idan aka ce littafi yana ɗauke da gadon al'umma, me ake gani a cikin shafukansa?

Abin da ya fi fitowa fili shi ne ladabin magana. Yaro a Tagalog ba ya amsa wa babba da “oo” kawai, wato eh, sai ya ce “opo”, yana kuma saƙa kalmar “po” a cikin jimlolinsa don girmamawa. Ba ya kiran wansa ko yayarsa da gundarin suna, sai ya fara da “kuya” ga namiji ko “ate” ga mace, kamar yadda yaron Hausa yake cewa Yaya. Idan ya shiga wurin kakansa yakan kama hannunsa ya ɗora bayan hannun a goshinsa yana cewa “mano po”, wato yana neman albarka. Mai zane yana iya nuna wannan a hoto guda, tsohuwa zaune a kujerar gora, yaro ya sunkuya, takalmansa na ajiye a bakin ƙofa, kuma fassarar Turanci da ke gefen shafin ba ta da kalmar da za ta maye gurbin “po”. A irin wannan wuri ne yaro mai harshe biyu yake gane cewa harsunan nasa ba hoton juna ba ne.

Sai kuma abubuwan yau da gobe: motar haya mai ado da ake kira jeepney, ƙaramin kantin unguwa na sari-sari, fitilar tauraro ta lokacin Kirsimeti, da al'adar bayanihan, inda maƙwabta suke ɗaukar bukkar mutum ɗungurungum a kafaɗa su kai masa sabon wuri, abin da ya yi kama da aikin gayya. A ganina raunin wasu littattafan shi ne su tsaya ga jera sunayen abinci da tufafi kamar kayan baje koli. Yaro ba ya komawa ga littafi sau goma saboda an lissafa masa kalmomi, yana komawa ne saboda akwai wani a ciki da ya shiga matsala, yana kuma son ya sake ganin yadda ya fita.

Yaran da aka haifa a ƙasashen waje fa?

Su ne babban dalilin bunƙasar wannan fanni a wajen ƙasar. Mutanen da ke da asali da Filifin a Amurka sun haura miliyan huɗu, wasu miliyoyi kuma suna aiki a Saudiyya, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Kanada da sauran wurare. Da yawa daga cikin 'ya'yansu suna jin harshen iyaye amma da Turanci suke mayar da amsa, jikoki kuwa sau da yawa ko jin ma ba sa yi. Domin irinsu ne Anthony Robles ya fitar da littafi mai Turanci da Tagalog a 2003 game da wani yaro, Lakas, a tsohuwar unguwar 'yan Filifin ta San Francisco. A 2018 Dawn Mabalon da Gayle Romasanta suka rubuta wa yara tarihin Larry Itliong, wanda ya jagoranci ma'aikatan gonakin inabi suka fara yajin aikin Delano a Kalifoniya a 1965, gwagwarmayar da aka daɗe ana ba da labarinta ba tare da an ba shi haƙƙinsa ba. A wannan shekarar ce kuma Erin Entrada Kelly, wadda mahaifiyarta 'yar Filifin ce, ta ci lambar Newbery, babbar lambar adabin yara a Amurka, ta kuma sake cin ta a 2025.

Shin Tagalog kaɗai ake bugawa?

Nan ne inda gizo yake saƙa. Yaron Cebu da ke magana da Cebuano, ko na arewacin Luzon da ke magana da Ilokano, idan aka miƙa masa littafin Filipino, harshe na biyu aka miƙa masa, kuma masu waɗannan harsuna miliyoyi ne. A 2012 ma'aikatar ilimi ta fara koyar da ƙananan azuzuwa da harshen uwa, ta soma da harsuna 12, daga baya suka zama 19. Manufar ta yi kyau, amma littattafai ba su wadata ba, har malamai da yawa suka koma rubuta manyan littattafan aji da hannunsu, suna zana hotunan da kansu. A watan Oktoba na 2024 wata sabuwar doka ta janye wajabcin, ta mayar da koyarwa ga Filipino da Turanci, ta bar harshen uwa a matsayin zaɓi inda duk yaran aji harshe ɗaya suke ji. Ina ganin an yanke wa tsarin hukunci ne kafin a ba shi kayan aikinsa, domin ba a koya wa yaro karatu da harshen da ba a buga masa abin karantawa da shi ba. Ƙananan masu buga littattafai irin su Sari-Sari Storybooks sun ci gaba da fitar da labarai da Ivatan, Cebuano, Waray da Chavacano, kowanne tare da Turanci.

Musulmin kudancin ƙasar suna da wuri a cikin wannan adabi?

Suna da shi, ko da yake bai kai yadda ya kamata ba. Musulunci ya isa tsibiran Sulu tun ƙarni na 14, kafin zuwan Sifaniyawa, kuma al'ummomin Maranao, Maguindanao da Tausug sun daɗe suna rubuta harsunansu da haruffan Larabci, kamar ajaminmu. Maranao na gefen tafkin Lanao suna da doguwar waƙar tarihi, Darangen, wadda UNESCO ta karrama a 2005. Daga kudu ne kuma aka samo Pilandok, ɗan ƙaramin dabba mai kama da gada, mai wayon tsiya, wanda a wani labari ya sa kadoji suka jeru a kogi wai zai ƙidaya su, ya taka bayansu ɗaya bayan ɗaya ya haye. Almario ya sake rubuta labaransa domin yara, ta haka yaron Manila da bai taɓa zuwa Mindanao, babban tsibirin kudu, ba ya san wani abu na can wanda ba labarin rikici ba.

Littattafan suna isa hannun yaran da suka fi bukatarsu kuwa?

Ba sosai ba. A gwajin PISA na 2018, wato jarabawar ƙasa da ƙasa ta auna ilimin ɗalibai, Filifin ce ta zo ƙarshe a fahimtar karatu cikin ƙasashe da yankuna 79. Akwai dokar 1994 da ta umarci a buɗe ɗakunan karatu a garuruwa da unguwanni, amma wurare da dama ba su samu ba, littafi mai hotuna masu launi kuwa yana da tsada ga iyalin da ke lissafin kuɗin shinkafa. Ƙungiyar CANVAS ta ɗaura aniyar raba littattafai miliyan ɗaya kyauta ga yara miliyan ɗaya. A birnin Makati kuma, Hernando Guanlao, wanda aka fi sani da Mang Nanie, ya fito da 'yan littattafansa ƙofar gida a shekarar 2000 don tunawa da iyayensa, ya ce duk mai so ya ɗauka, babu kati, babu ranar dawowa. Maimakon su ƙare sai mutane suka riƙa kawo nasu, har suka cika ɗakuna da matakalar gidan, yaran unguwa kuma suna tsugunawa a bakin titi suna buɗe su.