Kwata ta toshe, bola ta cika hanya: ƙofar wa ya kamata 'yan unguwa su buga?

Duk shekara da zarar ruwa ya sauka, koke-koken unguwannin Kano kan zama iri ɗaya: kwata ta toshe, ruwa ya shiga gidaje, bola ta cinye rabin titi, lungu ya yi duhu har masu ƙwacen waya sun samu wurin fakewa. Kowa na cewa "gwamnati ta yi watsi da mu", amma in ka tambayi wace gwamnatin, sai a yi shiru. Ga wasu tambayoyin da suka fi yawo a majalisun unguwa, da amsoshinsu.

Wai shin mene ne takamaiman aikin ƙaramar hukuma?

A rubuce yake, ba sai an yi ta ƙiyasi ba. Sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya tabbatar da cewa za a riƙa tafiyar da ƙananan hukumomi ta hannun zaɓaɓɓun shugabanni, Jadawali na Huɗu kuma ya zayyana ayyukansu. Daga ciki akwai ginawa da gyaran hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa da fitilun kan titi, da kwashe shara, da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da ban-ɗakunan jama'a, da maƙabartu, da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Har lasisin keke da baro da amalanke an ambata. Sannan an ce ƙaramar hukuma za ta sa hannu tare da jiha wajen ilimin firamare da kiwon lafiya da noma.

Wato kusan duk abin da ke hana mutum barci a unguwarsa yana cikin wannan jerin. Tsarin ya samo asali ne daga gyaran 1976, wanda ya kawo ƙarshen mulkin En'e ya mai da ƙaramar hukuma mataki na uku na gwamnati. Yau akwai 774 a ƙasar, Kano ce ta fi kowace jiha yawa da 44, masu mazaɓu 484.

To in haka ne, me ya sa a cikin birni ba ma ganin hannunta a waɗannan ayyukan?

Domin jiha ta kafa hukumominta ta ɗauke mafi yawansu. A cikin ƙwaryar birnin Kano, wato Birni da Fagge da Dala da Gwale da Tarauni da Nasarawa da Ungogo da Kumbotso, kwashe bola aikin REMASAB ne, izinin gini da tsara filaye na KNUPDA ne, facin manyan tituna na KARMA ne, ruwan famfo kuma na hukumar ruwa ta jiha. Akwai hujja a ciki, don babbar kwatar da ta taso daga wata ƙaramar hukuma ta zube a wata ba za ta gyaru ba in kowa yana duba iyakarsa kawai. Ruwan da ke gangarawa rafin Jakara bai san iyakar Dala da Fagge ba.

Illar kuwa ita ce tura-tura. Ka je sakatariya a ce maka aikin jiha ne, ka je hukumar jiha a ce lungu ne, na ƙaramar hukuma ne. Abin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne: babban titi da babbar magudana da tarin bolar da sai mota ta kwashe, na jiha ne, 'yar kwatar lungu da kwalbatin shiga layi da famfon tuƙa-tuƙa da rufin ajin firamare da ya yaye, a fara da ƙaramar hukuma. In kuna shakka, ku rubuta wa duka biyun, kowacce takarda ta nuna an aika wa ɗayar kwafi. Wannan kaɗai yana rage tura-turar ƙwarai.

Kullum ciyaman cewa yake ba kuɗi. Gaskiya ne?

Akwai gaskiya a ciki, akwai kuma fakewa da guzuma. A tsarin rabon arzikin ƙasa, ƙananan hukumomi suna da kashi 20.60 cikin ɗari, jihohi 26.72, tarayya 52.68. Ba ƙananan kuɗi ba ne. Sai dai sashe na 162 na Kundin ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma ta nan kuɗin suka daɗe suna bi. A nan ake cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya da fansho da kason masarautu da "ayyukan haɗin gwiwa" da jiha ta zaɓa da kanta. Abin da ya saura ya isa sakatariya, a wurare da dama, bai wuce na albashi da 'yan hidimomin ofis ba.

An yi yunƙurin toshe wannan ɓarakar. A 2019 hukumar NFIU, mai sa ido kan zirga-zirgar kuɗaɗe a ƙasa, ta fitar da ƙa'idar da ta hana cire tsabar kuɗi sama da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, gwamnoni suka ƙalubalance ta. Sai kuma ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na tarayya Lateef Fagbemi ya shigar da gwamnoni 36. Kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Aiwatar da hukuncin ya yi ta tafiyar hawainiya, an yi ta jayayya kan buɗe asusu a Babban Banki.

A ganina ko an aiwatar da shi gaba ɗaya, ba zai wadatar ba. Hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi, gwamna ne kuma ke naɗa mambobinta. A zaɓen Kano na Oktoban 2024 jam'iyyar da ke mulkin jihar a lokacin ta lashe kujerun ciyaman 44 da na kansila 484 baki ɗaya, kuma haka abin yake a kusan kowace jiha, kowace jam'iyya ce ke mulki. Ciyaman ɗin da ya san wanda ya ɗora shi, ko kuɗi sun faɗo asusunsa kai tsaye, ya san wanda zai fara tambaya kafin ya taɓa su. Duk da haka, kason da kowace ƙaramar hukuma ke samu duk wata ba sirri ba ne. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa shi a intanet. Matashi ɗaya mai waya zai iya nemo muku shi kafin ku je ganin ciyaman, kuma zancen yakan canza salo idan mai koke ya san adadin.

Shi kansila fa, me yake yi mana?

Kansila ɗan majalisa ne na mazaɓarku. Shi da takwarorinsa ne ke amincewa da kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, su yi dokokin cikin gida, su sa ido a kan ciyaman. Ba ya ba da kwangila, ba shi da baitulmali. Akwai kuma kansiloli masu gafaka, waɗanda ciyaman ke naɗawa su kula da sassa irin su ayyuka da lafiya da ilimi. Su ba zaɓensu aka yi ba.

A nan nake ganin mu 'yan unguwa muna cutar kanmu. Ka leƙa ƙofar gidan kansila da sassafe: wannan ya zo da takardar magani, wancan matarsa ta haihu yana neman na rago, ga mai neman kuɗin jarrabawar ɗa. Buƙatu ne na gaske, talauci ne ya kawo su, ba na zargin kowa. Amma cikin masu zaman jiran da wuya ka samu wanda ya zo tambayar ko kwalbatin layinsu ya shiga kasafin bana. Kansila ya raba abin da ke aljihunsa, ya ji ya sauke nauyi, mu ma mu ji an yi mana, kwata kuwa tana nan a toshe. Babban abin da kansila zai iya yi wa unguwa shi ne ya sa aikinta a cikin kasafi, ya kuma bi shi har a saki kuɗin. Lokacin matsa masa shi ne watannin ƙarshen shekara, sa'ad da ake haɗa kasafin shekara mai zuwa. Wanda ya bari sai Agusta, ruwa na cikin ɗaki, ya makara.

Tsakanin mai unguwa da kansila, wa za mu fara samu?

Ya danganta da matsalar. Mai unguwa yana ƙarƙashin dagaci, dagaci ƙarƙashin hakimi, hakimi ƙarƙashin sarki. Ba shi da kasafi, amma yana da abin da kansila ba shi da shi: ya san gida-gida, ya san asalin iyakoki, kuma wa'adi ba ya ƙare masa bayan 'yan shekaru. Rikicin maƙwabta kan indararo ko ruwan wanka da ke bi ta ƙofar wani, baƙon da ya kama haya ba a san shi ba, cinikin fili, wannan duk nasa ne. Abin da ke buƙatar siminti da kuɗin gwamnati kuwa, na kansila ne. Amma ko a nan kada a tsallake mai unguwa. Takardar da ke ɗauke da hatiminsa da sa hannun limami ta fi nauyi a kowane ofis.

Taransifomarmu ta ƙone. Ƙaramar hukuma ce za ta saya mana?

A'a. Wuta a Kano da Katsina da Jigawa tana hannun kamfanin KEDCO, kuma a ƙa'idar hukumar NERC mai sa ido kan harkar wutar lantarki ta ƙasa, gyara ko sauya taransifoma da turaku da wayoyi nauyin kamfanin rarraba wuta ne, ba na masu biyan kuɗin wuta ba. Ku kai koke a rubuce ga kamfanin, in ba a warware ba ku ɗaukaka zuwa hukumar da ke sa masa ido. In ɗan siyasa ya kawo gudunmawa, alheri ya yi, ba aikin ofishinsa ba ne.

Wani ya cike kududdufi yana gini, wani ya ja katanga a kan hanyar ruwa. Ina za mu kai?

Wannan shi ne ya fi kowanne gaggawa, domin da zarar gini ya kai linta, rushe shi ya zama shari'a. Kududdufan cikin birni su ne ke shanye ruwan sama tun zamanin da ake haƙar ƙasar gini a cikinsu. Duk wanda aka cike, ruwansa gidajen da ke kusa zai nufa. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen cikin birni suna hannun gwamna, saboda haka KNUPDA da ma'aikatar ƙasa za ku nufa. A karkara ne ƙaramar hukuma ke da ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya. Ku sanar da mai unguwa ranar da kuka ga tifa ta fara juye ƙasa, ku ɗauki hoto, ku kai takarda a makon. In kun ga alamar akwai hannun jami'i a ciki, akwai hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha. Kada matasa su ɗauki doka a hannu su rushe, don nan take mai laifi zai koma mai ƙara.

Mun sha kai kuka ba a saurare mu ba. Yaya ake kai koken da zai yi tasiri?

Yawancin abin da muke kira kai kuka, magana ce ta fatar baki: an tare kansila a wurin ɗaurin aure, ya ce "in sha Allahu za a duba", an rabu. Ba wanda zai iya komawa ya ce ga ranar, ga abin da aka yi alkawari.

Ku kafa ƙungiyar ci gaban unguwa mai shugaba da sakatare da ma'aji, ku yi mata rajista a ƙaramar hukuma. Ku sa mata a ciki, domin su ne suka san awa nawa yara ke ɓatawa a layin ruwa da kuma ranar da aka daina samun ma'aikaciya da dare a asibitin sha-ka-tafi. Ku zaɓi matsala ɗaya. Takardar da ta jero buƙatu goma sha biyu, daga kwata zuwa neman aiki, ba wanda zai san ta inda zai kama ta. Shafi ɗaya ya isa: sunan layi, daga ina zuwa ina kwatar ta toshe, gida nawa ruwa ya shiga bara, hotuna biyu ko uku, da abin da ku za ku iya kawowa, ko leburanci ne ko yashi. Ku kai ofishin ciyaman, ku ba kansila da shugaban sashen ayyuka kwafi. Abin da aka fi mantawa shi ne a sa akawun da ya karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinku. Bayan mako biyu mutum uku su koma da wannan kwafin. In an yi ta yi muku jeka-ka-dawo, sai a je gidan rediyo da takardar a hannu. Shirye-shiryen koke na gidajen rediyon Kano sun sha tayar da ofisoshi tsaye.

Akwai kuma ƙofofin da ke buɗe ba mu shiga. Makarantun firamare na gwamnati suna da kwamitin kula da makaranta da ake kira SBMC, wanda iyaye da shugabannin unguwa ke ciki. Mazaɓu suna da kwamitin ci gaban mazaɓa da ke sa ido kan asibitin matakin farko. A wurare da yawa mutum biyu ko uku ne ke riƙe da su shekara da shekaru, don ba wanda ya nemi shiga.

In muka yi aikin gayya da kuɗinmu, ba mun ɗauke wa gwamnati nauyinta ba ke nan?

Akwai abin da namu ne tun asali. Ledar ruwa da robobin lemo da ke toshe kwata ba daga sakatariya aka kawo su ba, kuma mai juye shara a magudana da dare yana jiran ruwa ya tafi da ita, ɗan unguwa ne da kowa ya sani. Yashe kwatar ƙofar gida a Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, bai kamata ya jira duba-gari ba. Sai dai a nemi mota ta kwashe abin da aka yaso a ranar, in ba haka ba ruwan farko zai mai da shi inda ya fito.

Gina kwalbati ko haƙa burtsatse kuwa wani abu ne daban. In kun ga ba za ku iya jira ba, ku yi karo-karo, amma ku sanar da ƙaramar hukuma a rubuce cewa ku ne kuka yi, da adadin abin da kuka kashe, don kada gobe aikin ya bayyana a takarda a matsayin kwangilar da aka biya wani. Ku nemi injiniyan sashen ayyuka ya duba gangaren ruwan kafin a zuba kankare, kada ku kawar da ambaliya daga layinku ku tura wa layin baya. Ma'aji kuma ya riƙa ba da rasit ga duk wanda ya ba da ko naira ɗari biyar ce, a karanta lissafin shiga da fita a gaban jama'a bayan an gama aikin.