Wasannin gina gari: me ya raba su da dara da lido?

Wane irin wasa ne wannan?

Wasa ne da ake bajewa a tebur ko tabarma, kowa na ƙoƙarin kafa ƙauye, ya shimfiɗa hanya, ya mayar da ƙauyen birni kafin abokan wasa su tare masa fili. Mafi shahara shi ne Catan, wanda wani Bajamushe, Klaus Teuber, ya fitar a 1995.

Yaya ake buga shi?

Mutum uku ko huɗu ne a tsibiri mai filaye 19. Ban da hamada guda, kowane fili yana ba da katako, bulo, alkama, ulu ko ma'adini. A jefa dayis biyu. Lambar da ta fito, mai ƙauye a bakin filin da ke ɗauke da ita ya kwashi kaya. Hanya katako ɗaya ce da bulo ɗaya, birni kuwa sai alkama biyu da ma'adini uku. Wanda ya riga kai maki 10 ya ci.

Ashe sa'a ce kawai, irin ta lido?

A'a. Da wuya ka sami kaya biyar ɗin nan duka a filayenka, don haka dole ka yi ciniki da wanda kake son kayarwa. "Malam, ba ni bulo ka karɓi alkama biyu." Ya duba ya ga bulon nan za ka datse masa hanya da shi, ya ce albarka. A ganina nan daɗin wasan yake, domin mai rowa ba ya gina komai, mai sakin hannu kuma shi ke gina wa wani birni.

In ba na son dayis fa?

Akwai Carcassonne na shekarar 2000, babu dayis a ciki. Sunan wani birni ne mai ganuwa a kudancin Faransa. Ana jera katuna 72 ɗaya bayan ɗaya, birni ba ya kammala sai ganuwarsa ta zagaye shi. Ɗan Bauchi da ya san Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Gwanin dara zai iya?

Sosai ma. Mai shuka 'ya'ya 12 a gidaje 30 ya saba hango inda abokin karawa zai jera uku, ya toshe. Idon da ake nema ke nan wajen zaɓen wurin ƙauyen farko. Abin da zai koya sabo shi ne lura da mutum biyu ko uku a lokaci guda, da sanin wanda bai kamata a sayar wa bulo ba.