Waiwaye: Yadda Filayen Kano Suka Koma Hannun Mutum Ɗaya

Rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023 ya zo wa mutane da yawa kamar daga sama. Kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, katafila ta hau kan wani benen shaguna a filin sukuwa na Nasarawa, daga nan ta wuce tsohon otal ɗin Daula, sansanin alhazai, da shagunan da aka jera a Filin Idi na Ƙofar Mata. Har shataletalen ƙofar gidan gwamnati, wanda aka gina don bikin cikar jihar shekara 50, bai tsira ba. Sabuwar gwamnati ta ce filayen jama'a ne gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta yanka ta rabar. Masu shagunan kuwa suka fito da takardunsu, ɗauke da hatimin gwamnati. Kowane ɓangare da hujjarsa, kuma dalilin hakan ya girmi gwamnonin biyu.

A da can, ƙasa amana ce a hannun sarki. Mai neman wurin gini yakan je wa mai unguwa ko dagaci, magana ta hau zuwa hakimi. Birnin yana da iyaka da kowa ke gani: ganuwar da tarihi ya ce an fara ta zamanin Sarki Gijimasu, aka yi ta faɗaɗa ta daga baya. Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa sun samu mazauninsu ne zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ba a ce babu son kai a wancan tsarin ba, amma mai ba da filin maƙwabcinka ne, gobe za ku haɗu a masallaci.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, sai suka raba garin gida-gida. Birni na Kanawa, Nasarawa ta Turawa, Sabon Gari na baƙin da jirgin ƙasa ya kwaso daga kudu. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa filayen Arewa ƙarƙashin ikon gwamnan mulkin mallaka, ta 1962 kuma ta ɗora a kan wannan turba. An ma zana wa Kano tsarin bunƙasa na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda ake kira tsarin Trevallion. Garin ya fi ƙarfin takardar tun wa'adinta bai cika ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne 1978. A shekarar ne gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta damƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna, a matsayin amana. Duk wurin da aka ayyana a matsayin birni, gwamna ne ke ba da shaidar mallaka, shi ne kuma ke da ikon soke ta idan ya ce maslahar jama'a ta buƙaci haka. Abin da aka bar wa ƙananan hukumomi shi ne filayen karkara. To a Kano, ƙananan hukumomi takwas ne suka haɗu suka yi babban birnin: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Ciyaman zai karɓi harajin kasuwa, ya ba da lasisin kanti, amma idan aka zo yanka harabar makarantar da ke bayan ofishinsa, sau da yawa shi ma a bakin mutane zai ji. Mai unguwa kuwa an mai da shi mai shaida a cinikin gida kawai.

Wannan ya haifar da gari iri biyu. A gefe guda akwai awon gwamnati, mai titi da lamba da takarda, wanda talaka ba ya samu sai da hanya. A ɗaya gefen akwai awon igiya: mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a yanka fuloti-fuloti, a bar lungun da ko motar kashe gobara ba za ta shiga ba. Haka unguwanni da dama suka tashi a Kumbotso da Ungogo, ba magudanar ruwa, ba filin makaranta. Hukumar tsara birane, wadda aka sani da KASEPPA kafin ta koma KNUPDA, takan iso ne da jan fenti bayan gini ya kai linta.

A tsakiyar gari kuma, da filin ya ƙare sai ido ya koma kan abin da ba na kowa ba. Aka cike kududdufai, waɗanda su ne ke shanye ruwan sama, aka yi gini a kai; yanzu damina na sauka a cikin ɗakunan mutane. Aka ci badala da kaɗan-kaɗan. Katangun makarantu da maƙabartu da masallatai suka zama jerin shaguna. Ba gwamnati ɗaya ta fara wannan ba, kodayake a shekarun 2015 zuwa 2023 ne abin ya fi fitowa fili, har ya zama babban batun yaƙin neman zaɓe.

A ganina kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar rigimar a matsayin ta Kwankwasiyya da Gandujiyya kaɗai. Wanda ya sa hannu a kan takardar gwamna ne, wanda ya turo katafila ma gwamna ne, dukkansu da doka guda suka dogara. Ɗan kasuwar da ya biya kuɗin shago shi ya kwana a ciki, ga 'yan ganima sun kwashe rodi da ƙofofi tun ƙura ba ta lafa ba.

'Yan kasuwar Filin Idi sun garzaya kotu. A watan Satumban 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta umarci gwamnatin jihar ta biya su diyyar naira biliyan 30. Daga baya aka sasanta a kan biliyan 3, kuɗin da daga baitulmalin jama'a za su fito. Dokar 1978 kuwa tana nan daram, domin an cusa ta cikin kundin tsarin mulkin ƙasa, gyara ta sai an bi matakan gyaran kundin kansa.